Abin da Aka Gaya wa Uwar Yaro: Tarihin Magana Tsakanin Asibiti da Iyaye a Nijeriya



Zan fara da wata kalma wadda kowannenmu ya tashi ya tarar ana faɗinta. Sa'ad da En'e ta shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a gundumomin Arewa a zamanin Turawa, jama'a suka raɗa musu suna "sha-ka-tafi". Sunan ya siffanta abin da ido ya gani: ka zo, a tsiyaya maka magani, ka sha, ka kama hanya. Babu zama a ciki, babu tambaya, balle bayani. Ga babban mutum mai gyambo ko ciwon kai, wannan bai zama wata babbar illa ba. Amma yaro ƙarami ba ya kai kansa asibiti, ba ya faɗin inda ke masa ciwo, ba ya auna wa kansa magani, ba ya kuma tuna ranar komawa. Duk abin da asibiti ya tanada dominsa, tilas ya bi ta hannun uwa, ko uba, ko kaka. Saboda haka iyakar abin da iyaye suka fahimta, shi ne iyakar abin da zai isa ga yaron.

Abin da nake so mu duba yau shi ne tarihin wannan fahimta a ƙasarmu cikin shekaru kusan saba'in: yaushe aka zauna aka gaya wa iyaye abin da asibitin yara yake yi da abin da ba ya yi, yaushe aka yi musu shiru, kuma me kowanne ya haifar. Labarin zai kai mu ƙasar Yarabawa, ya dawo da mu Kano, sa'an nan mu leƙa Damagaram.

Ban da malamin sha-ka-tafi, fuskar kiwon lafiyar hukuma da talaka ya fi sani a da ita ce ta duba-gari. Aikinsa mai amfani ne, ba a musu: ya leƙa randa, ya duba salga da kwata. Amma da ikon hukuma yake shigowa, yana iya sa a ci maigida tara, har ya zamana jin labarin zuwansa yakan sa a ɓoye abin da ya kamata a nuna masa. Ita ma lamba, watau rigakafin agana, da umarni ta fi zuwa. Daga 1967 aka ƙaddamar da babban yaƙi da agana da ƙyanda a ƙasashe kimanin 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Sarakuna da hakimai suka tara jama'a a ƙofar fada da kasuwanni, aka yi ta harba allura da na'ura, kuma a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Nasara ce babba ƙwarai. Sai dai ta koya wa hukumomi darasin da bai dace da sauran cututtukan yara ba. Agana kowa ya san ta, zanzanarta tana fuskar maƙwabcinsa. Lamba sau ɗaya ake yi, tabonta kuma shaida ne a damtse. Ba a bukatar doguwar magana. Ƙyanda kuwa, wadda aka haɗa su tare, ta ja da baya na ɗan lokaci ta sake dawowa, gama kullum ana haihuwar sababbin yara, kowannensu kuma yana bukatar wani ya san watan da za a kai shi. Wannan sani ba a harba shi da na'ura.

To, mu koma baya kaɗan. A 1956 wani likitan yara Bature mai suna David Morley ya kama aiki a asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha. Daga 1957, shi da wata ma'aikaciyar jinya, Margaret Woodland, wadda ta tare a ƙauyen Imesi-Ile mai mutum kimanin 5,000, suka shiga bin rayuwar yara kimanin 400 tun daga haihuwa, suna auna su, suna rubuta kowane ciwo da ya same su. Abin da suka gano bai zama baƙo ga kowace kaka ba: gudawa, da ciwon haƙarƙari, da zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da tarin shiƙa, da tamowa, su ne masu ɗauke yara. Abin da ya zama sabo shi ne hukuncin da Morley ya yanke a kai. Ya ga cewa yawancin waɗannan ba sa bukatar likita ko gado a babban asibiti. Suna bukatar a ga yaron da wuri, kuma wadda za ta fara ganin alama ita ce wadda take goye da shi.

Daga nan aka kafa abin da aka kira asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar. Tsarinsa ya saɓa wa al'adar asibitocin lokacin ta hanyoyi da dama. Ba a raba ranar masu lafiya da ta marasa lafiya ba. Uwa tana iya zuwa kowace rana, a duba ciwo, a yi awo, a yi rigakafi, duk a zama ɗaya. Masu duba yaran kuwa ma'aikatan jinya ne 'yan ƙasa, masu jin yaren uwar, likita sai abin da ya gagara ake tura masa. Morley ya damu har da wurin zama: yana so uwa ta zauna kusa da ma'aikaciya, kada babban tebur ya shiga tsakaninsu kamar mai ƙara gaban alƙali. Waɗanda suka taɓa tsayawa gaban teburin wani babban ma'aikaci a cikinku, sun san yadda faɗin tebur yake rage wa mutum magana.

Amma abin da ya fi shahara daga Ilesha shi ne kati. Bari in siffanta shi, ko da yake da yawa daga cikinku an rubuta sunayenku a kan jikansa. A ƙasan katin an jera akwatunan watanni, ana fara cikawa daga watan da aka haifi yaron, don kada a tsaya lissafin shekaru a kowane zuwa. A gefe an jera nauyi. Sai aka ja layuka biyu masu hawa, filin da ke tsakaninsu shi ne hanyar da ake so yaro ya bi, shi ya sa aka kira shi katin hanyar lafiya. Kowane wata a auna yaro, a ɗiga ɗigo. In ɗigon yana hawa, madalla. In ya miƙe bai hau ba wata biyu ko uku, akwai magana. In ya sauko, akwai haɗari. A jikin katin kuma akwai wurin rubuta alluran da aka yi, da dalilan da za su sa a ba wannan yaro kulawa ta musamman, alal misali in tagwaye ne, ko an haife shi ƙarami, ko 'yan uwansa da dama sun rasu.

Hikimar abin ita ce, tamowa tana nuna kanta a ma'auni watanni kafin ta nuna kanta ga ido. Kafin ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, nauyi ya daɗe da tsayawa. A nan ya kamata in ambaci Cicely Williams, likitar da ta bayyana wannan ciwo a ƙasar da ake kira Gana yanzu a 1933, ta kuma ari sunansa, kwashiyoko, daga bakin mutanen Ga, waɗanda suke nufin ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane aka ture shi daga nono. Mu ma abin da muke dangantawa da kwanika ke nan. Watau iyaye sun riga likitoci lura da lokacin da ciwon yake zuwa. Abin da suka rasa shi ne bayanin dalili, cewa ƙarancin abinci mai gina jiki ne bayan yaye.

Sa'an nan Morley ya yi abin da ma'aikatan asibiti da yawa suka ɗauka wauta ne: ya sa katin cikin jakar leda, ya miƙa wa uwa ta tafi da shi gida. Aka ce za ta ɓatar, ruwa zai jiƙa, gara za ta ci, ai ba ta iya karatu ba. Abin da aka gani a aikace shi ne iyaye mata sun fi ɗakin ajiyar takardun asibiti iya adana shi, an kuma huta da dogon layin neman fayil. Amma ni a ganina babban abin ba wannan ba ne. Miƙa katin ya canja mai mallakar labarin. A da, abin da aka sani game da yaro dukiyar asibiti ce, tana kulle a kabad. Yanzu yana cikin adakar uwarsa, tana iya nuna wa mijinta, tana iya kai shi wani asibitin, tana iya cewa, "An ce akwai sauran allura biyu, ga wurinsu babu komai." Mai riƙe da takarda yana iya bin bashi.

Ko abin ya yi amfani? Wani likita Ba'amurke, Nicholas Cunningham, ya gwada Imesi-Ile da wani gari maƙwabcinsa, Oke-Mesi, wanda ba shi da irin wannan asibiti, aka buga sakamakon a 1978. Mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a Imesi-Ile ba ta kai rabin ta maƙwabcin ba. Amma fa kada mu ɗora wa kati abin da ba nasa ba. A Imesi-Ile akwai ma'aikata kullum, akwai magani a kan kanta, ana ba yara ƙwayar rigakafin zazzaɓi kowane wata, kuma garin yana cikin wuraren farko a Afirka da aka gwada allurar ƙyanda a farkon shekarun 1960. Abin da aka gaya wa uwa za ta samu, in ta zo takan same shi. Bayani ya yi aiki ne domin gaskiya ce ake bayyanawa.

Daga Ilesha katin ya bazu duniya. A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da samfurinsa domin ƙasashe su kwaikwaya, a shekarar da aka yi taron Alma-Ata wanda ya ce kiwon lafiya na farko haƙƙin kowa ne, kuma da hannun jama'a za a yi shi. A 1982 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarƙashin James Grant, ya sa awon yara cikin abubuwa huɗu da ya ɗauka za su ceci miliyoyi, tare da ruwan gishiri da sukari, da shayar da nono, da rigakafi. Sai dai abin da ya bazu takardar ce, zaman bai bi ta ba. A wurare da yawa awo ya koma wata al'ada: a rataya yaro a sikeli yana kuka, a ɗiga ɗigo, a ce mai bi. Nazarce-nazarcen da aka yi daga baya sun nuna cewa iyaye da yawa, har da waɗansu ma'aikatan, ba su fahimci ma'anar layin ba, kuma awo shi kaɗai, ba tare da shawara da magani ba, bai nuna wani amfani a fili ba. Morley da kansa ya yarda da wannan, har a ƙarshen rayuwarsa ya tsaya kan wani sikeli wanda uwa da hannunta take ɗiga ɗigon a kan katin sa'ad da nauyin ɗanta ya ja ƙarfen ƙasa, don ta ga inda ɗigon ya samo asali. Ya rasu a 2009.

A Nijeriya, shekarun da aka fi ɗaukar magana da iyaye da muhimmanci su ne na Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, rediyo da talabijin suka cika da sanarwar cututtuka shida masu kashe yara. Manyanku za su tuna haɗin ruwan gishiri da sukari na wancan lokaci: cokalin shayi ɗaya na gishiri a shafe, cokali goma na sukari ko ƙwaya biyar, a cikin ruwa cikin kwalbar giya ɗaya ko kwalaben lemo biyu. An zaɓi kwalba ne don ma'auni ne da ake ganin yana ko'ina. Amma ku yi tunanin ma'aikacin da zai shiga zauren malami a Zariya ko Sakkwato ya ce a kawo kwalbar giya. Saƙon da aka tsara a Ikko ba kullum yake shiga kowane zaure da sallama ba. Ga shi kuma kuskuren awo ba ƙaramin abu ba ne, domin gishiri in ya yi yawa yana iya cutar da yaron da ake neman ceto. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka koma ga ƙunshin garin da aka riga aka auna, wanda tun 2004 ake haɗa shi da ƙwayar zinki.

Don kwatanci, ku dubi yadda wata ƙungiya mai suna BRAC ta yi wannan aiki a Bangaladash tsakanin 1980 da 1990. Mata ma'aikata suka bi gida-gida, fiye da gidaje miliyan 12, kowace uwa sai ta haɗa ruwan da hannunta a gabansu. Bayan 'yan makonni sai masu bincike su zo su tambayi waɗansu daga cikin iyayen, su auna gishirin ruwan da suka haɗa. Albashin ma'aikaciya kuwa ya dogara ne ga abin da iyayen suka riƙe. Ba a biyanta don ta faɗa, sai don an ji. Ina roƙon ma'aikatan da ke nan su gwada wannan da rahotannin da muka saba rubutawa, inda ake lissafa yawan tarurrukan wayar da kai da yawan takardun da aka liƙa a bango.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: in an ce iyaye, wa ake nufi? Tsarin Ilesha an gina shi ne a kan mace mai fita kasuwa da kuɗinta a ɗaure a bakin zane. A yawancin gidajenmu, fitar mace sai da izinin miji, kuɗin mota da na magani daga aljihunsa suke, uwar miji ce mai cewa wannan zazzaɓin haƙori ne ko kuwa na asibiti ne, ga kuma kunyar ɗan fari wadda takan hana yarinya ta nuna damuwa a kan ɗanta a gaban manya. Ungozoma da wanzami sun riga ma'aikacin lafiya ganin jaririn. Wanda ya tara mata a asibiti ya yi musu lacca, ya yi magana ne da waɗanda suka riga suka sami izinin zuwa. Mai yanke hukunci a kan waɗanda ba su zo ba yana gona ko yana majalisa.

A 1990 hukuma ta ba da rahoton cewa rigakafi ya kai kimanin kashi 80 cikin ɗari na yara. Daga nan abubuwa suka lalace. Kuɗi ya janye, allurai suka yanke, firji suka mutu, uwa ta zo ranar da aka rubuta mata a kati a ce ta dawo wani mako. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya tarar kashi 13 cikin ɗari kaɗai na yara ne suka sami cikakken rigakafi. A cikin wannan hali ne abin Kano ya faru.

A 1996 annobar sanƙarau mafi muni a tarihin ƙasar nan ta auku, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. A asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tana ba da maganin da aka saba da shi kyauta. A wannan asibiti kuma kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada wani sabon magani, Trovan, a kan yara kimanin 200: kusan rabi aka ba su sabon, sauran aka ba su wani sanannen magani don kwatanci. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, waɗansu kuma suka nakasa. Kamfanin ya tsaya kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, maganinsa ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba wanda ya gaya musu suna iya ƙi, ba wanda ya gaya musu cewa a nan kusa ana ba da maganin da aka riga aka sani. Jaridar Washington Post ta tono maganar a Disamba 2000. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, iyalai na farko kuma sai a 2011 suka karɓi diyya.

Ban kawo wannan don in yi shari'ar da kotuna suka rufe ba. Abin lura shi ne, ko da a ce duk abin da kamfanin ya faɗa game da maganin daidai ne, jayayyar tana nan, gama asalinta a kan abin da aka gaya wa uba ne sa'ad da ya shigo da ɗa a kafaɗa wuyansa ya sanƙare. Abu uku ne haƙƙinsa ya ji: mene ne wannan, akwai wani zaɓi, kuma me zai faru in na ce a'a. Faɗinsu ba zai ci minti biyar ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, bisa jagorancin Dakta Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, ta yi zargin cewa an gurɓata ɗigon rigakafin shan inna da abin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano, a ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau, ita ta fi daɗewa, sai a Yuli 2004 ta koma, bayan an kafa kwamitocin bincike an kuma kawo maganin daga Indunusiya. Zargin ba gaskiya ba ne. Irin wannan ɗigo ne aka yi amfani da shi aka kawar da cutar a yawancin ƙasashen Musulmi. Farashin dakatarwar kuwa yara ne suka biya: waɗanda cutar ta shanye a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, ƙwayar cutar kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita.

Da sauƙi a ce jahilci ne. Amma masu binciken da suka zauna da jama'a, irin su Maryam Yahya da Elisha Renne, sun rubuta wata tambaya da aka yi ta maimaita musu, wadda ba ta jahili ba ce. Ƙyanda da zazzaɓi suna kashe mana yara, in mun je asibiti sai mun biya, sau da yawa ma babu magani. To, me ya sa wannan guda ɗaya ake biyo mu da shi har gida, kyauta, sau da yawa a shekara, a kan ciwon da jefi-jefi muke gani? Tambayar tana da amsa. A cikin yara kimanin 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanyewa, sauran suna yaɗa ta ba a sani ba. Ɗigo ɗaya ba ya isa, musamman inda gudawa ta yi yawa. Duniya kuma tana neman kawar da cutar ne baki ɗaya kamar agana, shi ya sa kuɗinta ya fi na sauran. Ga kuma sunan da muke kiranta da shi, wanda ya nuna cewa da yawa sun ɗauke ta aikin iska ce mai suna Inna, ba abin da ɗigo zai tare ba. Duk waɗannan abubuwan zama ne a tattauna. Amma wadda aka tura ƙofar gida sau da yawa yarinya ce da aka yi wa horon kwana ɗaya, da akwati a kafaɗa da alli a hannu, an ƙayyade mata yawan gidajen da za ta shiga kafin azahar. Sha-ka-tafi ne ya tashi daga gunduma ya zo ƙofar gida.

Gyaran ya ɗauki shekaru, ya kuma ci rayuka, domin a Fabrairu 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi a Kano, yawancinsu mata. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya na farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar III, aka ga sarakuna suna ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. Aka farfaɗo da majigi, ana nuna fim a dandali da dare, a tsaya a amsa tambayoyi. Aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa, waɗanda ake gani a gidan suna da gidan biki, suna bin masu ciki da jarirai. Waɗanda cutar ta shanye suka shiga gaba suna magana da magidanta. Aka kuma kafa sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa a ba da magani tare da ɗigon, watau dai aka amsa tambayar nan da aiki. A 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama, a Borno, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

Duk da haka akwai bayanin da ya rage ba a yi ba. Shekara da shekaru ana ɗigo a ƙofar gida, har kalmar rigakafi ta zama ɗigon nan ake nufi a kunnen mutane da yawa. Uban da aka ɗiga wa ɗansa sau goma yana da hujjar zaton an gama masa. Ba kowa aka gaya wa ba cewa allurar tarin fuka, da ta mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, da ta ƙyanda a wata tara, a asibiti ake yinsu, kuma sai an je sau da dama. Binciken ƙasa na 2018 ya tarar kashi 31 cikin ɗari na yara ne suka sami dukan alluran farko, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 5. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo, wanda likitoci matasa da yawa a littafi kawai suka san shi, ya ɓarke, Kano ce ta fi shan wahala, kuma yawancin waɗanda ya kama ba su da cikakken rigakafi. Haka kuma kalmar "kyauta", wadda gwamnatoci suke son faɗa a rediyo: in ba a fayyace ba ko ta haɗa da kati, da gwajin jini, da maganin da za a rubuta a saya a waje, to, ma'aikaciyar da ke bakin taga ita za a kira ɓarauniya.

Zan tsaya a Damagaram. Tun 1974 Morley da wani likita ɗan Iraƙi, Adnan Shakir, suka bayyana wani ɗan zare mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi: kore lafiya, rawaya a kula, ja tamowa mai tsanani. Shekaru kusan arba'in yana hannun ma'aikata kaɗai. Daga 2011 ƙungiyar ALIMA da takwararta ta Nijar, BEFEN, suka gwada miƙa shi ga iyaye mata a gundumar Mirya, yawancinsu ba su yi boko ba, bayan ɗan gajeren horo da Hausa. Awon da matan suka yi ya zo kusan daidai da na ma'aikata. Da aka faɗaɗa gwajin a 2013 da 2014, aka tarar yaran da iyayensu suka gano sun fi isowa da wuri, waɗanda sai an kwantar da su a asibiti kuma sun fi ƙaranci. Daga baya ƙasashe da dama, har da Nijeriya, suka ɗauki wannan hanya. A ma'aunin da ake amfani da shi yanzu, jan yana farawa ne daga ƙasa da milimita 115, ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5.